Jar Fata a Gindin Eriya

Ni ne na raba Kofur Zailani da aikinsa, kuma da fata guda biyu na yi shi, waɗanda ko tafin hannu ba su cika ba. Bari in faɗi yadda aka yi tun daga farko, don na gaji da faɗa wa kaina labarin guntu-guntu.

Sunana Lado. A shekara ta uku bayan samun mulkin kai, ni ke tuƙa motar masu allurar shanu da aka ajiye a Ikara. Lokacin ana yaƙi da bushiya, ciwon nan da ke kwantar da garke guda cikin mako ɗaya. Aikinmu shi ne mu bi rugage daga Paki zuwa Furana, mu zagayo ta Makarfi da Kudan, duk inda Fulani suka yarda su tara shanu. Maganin ba ya son zafi. A cikin ƙanƙara ake kawo shi daga Zariya, in ƙanƙarar ta narke ya zama ruwan banza. Saboda haka ba ma yawo da shi. Sai an tara shanu an ƙidaya, sannan a kira Zariya a ce a turo kaza gobe da safe. Don wannan kiran aka sa mana rediyon oba-oba a mota.

Kofur Zailani ne ya zo ya ɗaura shi. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama a ɓangaren masu waya, can ya koyi rediyo da hannu ba tare da ya taɓa zama a aji ba. Gajere ne, gemunsa ya fara furfura, kuma ba ya gaggawa ko da gobara ake yi. Motoci huɗu ofishinmu ke da su masu rediyo, duk shi ke kula da su, da wani akwatin katako da yake rungumewa a cinya in ya shiga mota.

Tun ranar farko muka so mu ɓata. Ni mutum ne mai son mota. Matata Luba takan ce da mota na iya tuƙa tuwo da ban yi aure ba, kuma ban taɓa musa mata ba. To ina tsaye ina kallo wannan dattijo ya hau rufin motata ya huda shi. Bai tsaya nan ba, ya zaro wuƙa ya hau kankare fenti a kewayen hudar, ta sama da ta ciki, har farin ƙarfe ya fito.

Na ce, "Baba Kofur, wannan fa fentin gwamnati ne."

Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Rediyon ma na gwamnati ne."

Ya kafa eriyar a wurin. Wata siririyar sandar ƙarfe ce, tsayinta ya kai mutum ɗaya da rabi. Ya ɗaure gindinta da noti ta cikin mota, ya ja waya ta ƙarƙashin silin har zuwa rediyon. Na ɗauka an gama. Sai ya buɗe akwatinsa ya fito da wata 'yar mita mai tsinke ɗaya, ya jona ta tsakanin rediyon da wayar.

Ya ce, "Zo nan, direba. Tunda a kanka za ta zauna, gara ka san halinta. Ka ga rediyon nan? Tura magana yake yi ta cikin wayar nan zuwa sandar can. To kowannensu yana da nauyin da yake ɗauka. Rediyo hamsin ne, waya hamsin ce, dole ita ma eriya ta zama hamsin. In ta gaza ko ta wuce, ba za ta karɓi duk abin da aka turo mata ba. Sauran sai ya juyo ya dawo gida."

"In ya dawo sai me?"

"Sai ya zauna a kan wannan." Ya nuna mini wata 'yar kwalba a cikin rediyon, tana ja kamar garwashi. "Bawul ke nan. Duk abin da ya dawo shi yake dafawa, har ya ƙone."

Ya danna abin magana, ya murɗa maɓallin mitar gefe guda, tsinken ya tafi har ƙarshe. Ya ce wannan mai tafiya ne. Ya murɗa ɗaya gefen, tsinken ya sauko ya tsaya a tsakiya, daf da wurin da aka shafa jan launi. Ya ce wannan mai dawowa ne, kuma so ake ya kwanta a kan ɗaya, in ya haura uku to rediyo na cikin hatsari. Ya girgiza kai, ya ɗauki magagari ya sake hawa rufin, ya goge bakin sandar kaɗan, abin da bai fi ƙwayar dawa ba. Ya sauko ya gwada. Ya sake hawa. Sau tara na ƙirga, har raken da nake sha ya ƙare na sayo wani. A na taran tsinken ya kwanta, ya ɗan ɗaga kai kawai.

"Ɗaya da 'yan kai," in ji shi, fuskarsa ta washe. "Yanzu duk abin da ka faɗa Zariya zai tafi."

Daga nan ya shiga yi mini gargaɗi. Kada in rage mata tsawo, kada in ɗaura mata tuta ko tsumma, in na zo ƙarƙashin bishiya in bi a hankali. Wannan duk na ji, kuma na kiyaye. Ya ƙara da wata magana, cewa sandar nan rabin eriya ce, ɗaya rabin jikin motar ne gaba ɗaya, shi ya sa dole ƙarfe ya taɓa ƙarfe a gindinta. Ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma a lokacin idona na kan fentina da aka kankare, raina a ɓace yake, maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Mako uku rediyon na aiki kamar mutumin Zariya na zaune a kujerar baya. Malam Inuwa, shugaban tawagarmu, har gaisuwa yake tsawaitawa don daɗi. Sai ruwan ƙarshen damina ya sauko, irin mai zuwa da iska. Hudar nan ta fara ɗiga, kuma ba ta sami inda za ta ɗiga ba sai a ƙeyata. Ga wata 'yar ƙara da gindin eriyar ya fara yi in muka hau hanya mai gargada, ƙii-ƙii-ƙii, daidai saman kaina. Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana irin ƙara a mota. Malam Inuwa ya gane, ya riƙa tsokanata, wai motar ce ke yi mini waƙar biki.

Da na aika wa Kofur da ya zo. Amma yana Zariya, kuma girman kai ya hana ni. Na ce ɗigon ruwa ma sai na kira wani ya tare mini a motata?

Mu direbobin wancan zamani, fata ce maganin kowace ƙara. Sitiyari fata, ƙofa in tana kaɗawa fata, famfon mai in yana yoyo fata. Ranar kasuwar Makarfi na je wurin Maiwada baduku, wanda ya naɗe mini sitiyari, na ce ya yanko mini zobe biyu na jar fata mai kauri, ya huda tsakiyarsu. Ya yanka, har ya shafa musu man shanu don kada ruwa ya ci su. Na ja mota bayan kasuwa inda masu mazarƙwaila ke sauke kaya, na kwance notin da sifana, na sa zobe ɗaya ta sama a ƙarƙashin gindin eriyar, ɗaya ta ciki, na ɗaure tamau, na mayar da silin ya rufe. Ko mai neman laifi ba zai gani ba. Sandar kuwa ban taɓa tsawonta ba ko da na gashi ɗaya. Ɗiga ta tsaya, ƙara ta mutu. Na kunna rediyo na ji muryar Zariya raɗau. Ranar har fito na riƙa yi a hanya, ina jin ni gwani ne.

Abin da ban sani ba shi ne, ji daban, turawa daban. Mu muna jinsu, su ne suka fara cewa suna jinmu sama-sama. Malam Inuwa ya ɗauka ƙarfin murya ake so, ya riƙa danne abin magana yana ihu, yana maimaita magana ɗaya sau huɗu. Akwatin rediyon ya riƙa ɗaukar zafi har ya ce za a iya ɗumama shayi a kai. Muka yi dariya, har da ni.

A Furana abin ya fashe. Akwai wani Arɗo Bobbo da aka yi wata uku ana lallashi kafin ya yarda da allura. Daga ƙarshe ya tara mana shanu sun kusa ɗari takwas, nasa da na dangi, wasu an koro su tafiyar yini biyu. Aka ƙidaya, Malam Inuwa ya shiga mota ya ɗauki abin magana.

"Zariya, Zariya, Furana ke kira, oba."

Shiru. Ya sake, ya sake, ya danne ya ƙi saki. Sai wani wari ya tashi irin na roba in ta faɗa a murhu, 'yar fitilar rediyon ta yi ƙif.

Ba yadda za a yi, aka tashe ni in tafi Zariya da mota in ɗauko maganin. Rafi ya kawo, na kafe a laka, sai da na kwana na yini kafin mutanen wani ƙauye suka turo ni. A rana ta uku na dawo da ƙanƙara da magani, na tarar da fili fayau sai kashin shanu. Shanun sun gaji da tsayuwa sun faɗa gonar dawar mutane, an yi rigima, kowa ya kora nasa. Arɗo Bobbo ya rantse bana ko ɗan maraƙi ba zai sake tara wa gwamnati ba. Maganar ta kai har sama, kuma in magana ta kai sama sai an sami wanda za a ɗora wa.

Akwai wani sabon injiniya a ofishinmu na Zariya, Malam Tukur, saurayi mai takardu, wanda tun zuwansa yake cewa lokacin gyaran rediyo da ka ya wuce. Ya aiko cewa zai zo Ikara da sabon bawul ya bincika da kansa, kuma kada kowa ya taɓa rediyo ko eriya kafin ya iso, musamman wanda ya ɗaura. Kowa ya gane inda aka dosa. In laifin ya faɗa kan Kofur, aikinsa ya tafi.

Kofur ya riga shi isowa da yini ɗaya, a bayan motar rake. Da la'asar ya same ni a harabar da muke ajiye mota. Muka gaisa, ya tambayi Luba, ya yi mini sannu da wahalar laka. Sannan ya zagaya motar sau biyu hannuwansa a baya, tunda an hana shi taɓawa. Ya leƙa ta taga ya shinshina.

Ya ce, "Dawowa ce ta kashe shi. Wannan warin na san shi. Lado, ba ka bugi reshe ba?"

"Ban buga ba, Baba."

"Ba wanda ya ɗaura mata wani abu? Ba wanda ya gutsure bakinta?"

"Babu."

Duk gaskiya na faɗa. Ya ɗaga kai yana auna sandar da ido, ya ce tsawonta na nan. Daga nan ya daina tambayata, ya koma magana da kansa.

"To saura gindi. Gindi kuwa ni na ɗaure shi da hannuna, ƙarfe kan ƙarfe. Da a ce wani abu ya shiga tsakani, ko da takarda ce, to rabin eriya ya tafi, komai sai ya dawo. Amma me zai shiga? Wa zai sa?"

Nan take na gane. Maganar da ta wuce ni ranar farko ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yana tsaye kusa da ni, ko taku biyu babu tsakaninmu, kuma ba wanda ke wurin sai mu. Da na buɗe baki a lokacin da shi ke nan. Sai na tuna shanu ɗari takwas, na tuna fuskar Malam Tukur, na tuna cewa direbobi sun fi masu gyaran rediyo yawa a gari. Na ja bakina na tsuke.

Kowace safiya nakan kai mota rafi in wanke, ba wanda zai ce don me. Washegari na kai ta. Na duba gabas na duba yamma, na ɗaga silin na kwance notin, na zare fatun nan biyu na wurga su cikin ruwa. Sun bar jan zane a kan ƙarfen, ga maiƙon man shanu. Na ɗebi yashi na dirje wurin sama da ƙasa har ya fi yadda Kofur ya kankare shi haske, na mayar na ɗaure. Aikin ya yi kyau. Ban gaya wa kaina cewa ina kashe wani ba. Abin da na gaya wa kaina shi ne na gyara ɓarnata, kuma in aka ga komai lafiya za a ce tsautsayi ne a wuce wurin.

Da hantsi Malam Tukur ya iso. Ya sa sabon bawul, ya karɓi mitar Kofur ya jona. Ma'aikata suka kewaye motar. Ya danna, ya murɗa maɓalli, tsinken ya tafi ƙarshe. Ya murɗa ɗaya gefen. Tsinken ya kwanta, ko motsi bai yi ba. Yashina ya sa ya fi na ranar farko kyau.

Na ga Kofur ya sunkuya ya kusa manna ido da gilashin mitar. Ya ɗago, ya goge idonsa da bakin riga, ya sake sunkuyawa.

Malam Tukur ya ce, "Eriya lafiya lau. Waya lafiya lau. To Kofur, me ya ƙona bawul?"

"Ranka ya daɗe, warin da na ji na dawowa ne."

"Ga mitarka nan ta ce babu dawowa. Ko ita ma ba ka yarda da ita ba?" Ya buɗe bayan rediyon ya nuna wasu ƙananan maɓallai da ake saita ƙarfin wuta da su. "Waɗannan wa ya saita su?"

"Ni ne."

"To ka cika masa wuta. Lambobin nan ƙanana ne, ba kowane ido ke karanta su ba." Sai ya juyo gare ni. "Direba, tunda aka ɗaura eriyar nan akwai wanda ya taɓa ta?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. Har yau wannan na ba ni tsoro game da kaina.

Na zaci Kofur zai yi gardama, ya rantse, ya tada jijiyar wuya irin ta tsoffin sojoji. Da ya yi haka da na ɗan sami sauƙi. Bai yi ba. Mutum ne da ya yarda da tsinken nan fiye da yadda ya yarda da kansa, kuma tsinken ya ce shi ne. Sai ya ce a hankali, "To watakila idon ne."

Bayan mako biyu takarda ta fito, an sallame shi. Ya biyo ta Ikara zai wuce garinsu Likoro, ya tsaya yin sallama. Muna harabar gaba ɗayanmu ana loda kaya. Ya bi kowa ya ba shi hannu. Da ya zo kaina sai ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya ɗan rusuna, mutumin da a haife ya haife ni.

Ya ce, "Lado, kai ka fi kowa shan wahalar kuskurena. Ka kwana a laka, ka sha zagin Fulani. Don Allah ka yafe mini."

Idon kowa na kaina. Na ce, "Haba Baba, ba komai. Na yafe."

Malam Inuwa har cewa ya yi Allah Ya yi mini albarka.

Shekara guda na yi ina kauce wa Likoro. In aiki ya kai mu Kudan sai in ce hanyar can ta lalace, in zagaya ta nesa. Ɗiga ta dawo, ƙarar ma ta dawo, ban sake cewa uffan ba, na bar ruwan ya yi ta zuba a ƙeyata. Luba ta ce na canja, na ce gajiya ce. Ina cin abinci, ina dariya, ana yabon tuƙina. Abin haushin ke nan, ba abin da ya same ni.

Wata rana a tashar Makarfi na haɗu da wani mutumin Likoro, na yi kuskuren tambayarsa Kofur. Ya ce yana nan lafiya, ya koma noma. Sai ya ƙara da cewa abin mamaki, rediyon dagacinsu ya lalace aka kai masa har gida, ya ƙi ko buɗe shi. Wai ya ce idonsa ya riga ya ci amanarsa sau ɗaya, ba zai sake ɓata kayan mutane ba. Har Zariya ya je aka auna masa ido, aka ce ba a ga komai ba, ya ce to masu awon ne ba su iya ba.

Wannan ne ya karya ni. Korar da aka yi masa na iya haɗiye ta shekara guda, ina cewa abinci na Allah ne. Amma in ji mutum na zargin idonsa mai lafiya saboda ni, wannan ya fi ƙarfina.

Na fara zuwa wurin Malam Tukur, don na ɗauka can gyaran yake. Na shiga ofis na cire hula na faɗi komai, na shirya a karɓe makullin mota. Ya saurare ni yana juya alƙalami. Da na gama ya tashi ya tura ƙofa.

Ya ce, "An rufe fayil ɗin nan tun bara. An ɗauki wani a gurbinsa. In ka tada maganar nan, kai za a kora, ni a tambaye ni yadda na yi bincike, shi kuma ba mayar da shi za a yi ba. Sa hularka ka koma bakin aiki."

Na sa hulata na fito da makullina a aljihu. Ko tsawa ba a yi mini ba.

Ranar Asabar na tafi Likoro. Lokacin yankan dawa ne, aka nuna mini gonarsa a bayan gari. Na same shi shi kaɗai yana ɗaure dami, ya rame kaɗan. Da ya gan ni ya yi murna ta gaske, ya shimfiɗa mini buhu a inuwar wata ɗorawa, ya tambayi Luba, ya tambayi Malam Inuwa, ya tambayi motar. Gaisuwar ta yi tsawo, ni kuwa ina addu'ar kada ta ƙare. Da ta ƙare na sunkuyar da kai na faɗa masa, tun daga ɗigon ruwa har zuwa yashin rafi. Ban rage komai ba.

Ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Fatar, kaurinta ya kai nawa?"

Na nuna masa da yatsu.

"Sama da ƙasa?"

"Sama da ƙasa, Baba. Har da man shanu."

Sai ya ɗauki kara ya hau zane a ƙasa. Ya zana mota, ya zana sanda, ya ja layi biyu a gindinta. Bakinsa na motsi. Can ya buga cinyarsa ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Dawowa ce! Na ce dawowa ce! Ka yanke mata jikin mota, ina za ta kai hamsin? Tsinken nan da an jona shi a lokacin da ya wuce ja ya bugi bango. Hancina bai yi ƙarya ba. Kai, Alhamdu lillahi. Ashe idona ƙalau yake." Ya ɗaga hannunsa yana kallon yatsunsa ɗaya-ɗaya, idanunsa sun kawo ruwa. "Ka san sau nawa na saita maɓallan nan a raina? Ina huɗa ina saitawa, ina salla suna zo mini."

Na gaya masa na je wurin Malam Tukur, na gaya masa abin da ya ce. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Bar shi. Aiki ya riga ya tafi, ni ma na san ba ya dawowa. Amma ka bi direbobin sauran motocin nan uku ka gaya musu, don ba kai kaɗai ruwa ke zubo wa ba. In suna son tare ɗiga su shafa kwalta ta waje, kada su sa komai a tsakani."

Na ce zan yi. Zuciyata ta fara sauka. Wallahi har na fara jin cewa na sha, na fara shirya kalmomin da zan roƙi gafara da su. Ya goge zanen da tafin ƙafarsa, ya miƙe ya ɗauki laujensa. Dariyar ta bar fuskarsa.

Ya ce, "Fatar ba laifi ba ce, rashin sani ne. Cire ta da ka yi, tsoro ne, ni ma na san tsoro, na gan shi a Bama. Duk wannan zan iya ajiye shi." Ya tsaya yana duban bakin laujen. "Amma akwai abu ɗaya da nake so ka gaya mini, Lado. Ranar nan a Ikara, da na riƙe hannunka a gaban mutane na roƙe ka, ka ce ka yafe. Me ka yafe mini?"

Na sunkuyar da kai ina kallon wurin da ya goge zanen.

Ya jira ni. Ya daɗe yana jira, don shi ba mai gaggawa ba ne. Da ya ga ba amsa sai ya juya ya shiga cikin dawar, na ji ya ci gaba da yanka.